Ciwon da Ba a Gano wa Tasi'u Ba

Tiga, Bebeji

Zuwa ga ƙanwata Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗana Ismail. Mu nan mun gode Allah.

Wasiƙarki ta iso ta hannun direban Tudun Wada. Kin ce malamar Ismail ce ta lura ba ya iya zama a aji, kuka kai shi asibiti Kano. Likita ya yi ta tambayarki tun yaushe abin ya fara, a gida kaɗai ne ko har makaranta, yana yawan ɓatar da kayansa, yana katse mutane in suna magana. Har malamar sai da aka ji ta bakinta. Daga ƙarshe ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, ba iska ba ce, lalura ce mai hana yaro tsayar da hankalinsa wuri ɗaya, wai ADHD. Yanzu an dawo da shi gaban aji, ke ma ana koya miki yadda za ki bi da shi.

Safara'u, na karanta, na kasa yin hamdala. Duk abin da kika lissafa Tasi'una ne. Shi ma da takalmi ƙafa ɗaya yake dawowa. In na aike shi sayen manja sai ya dawo da ɗan tsako a hannu, yana ba ni labarinsa. Amma shi dorina ya samu, da rubutun sha, da hayaƙi. Ranar da hularsa ta faɗa babbar magudanar ruwa ya bi ta bai tsaya dubawa ba, masu gaisuwar mutuwa ina jin su a tsakar gida suna cewa dama yaron ba ya ji.

Kishinki nake yi, gara in faɗa miki. Naki an saurare shi, nawa an binne shi da sunan mai taurin kai. Kin ce in zo in kwana biyu. Ki yi haƙuri, ba zan iya kallon Ismail yanzu ba.

Taki,
Yaya Hasiya

Tiga, Bebeji

Safara'u,

Sallama da gaisuwa. Ya yara, ya aikin gona? Na ga zogalen da kika aiko duk da abin da na rubuta miki. Na ji kunya.

Ubale, ƙanin Tasi'u, an sake koro shi daga makaranta, wai ya fita ta taga ana tsakiyar darasi. Babansa ya ce boko ba nasa ba ne, da an fara noman rani zai tafi da shi ya riƙa gadin injin ban-ruwa. A bakin magudanar nan, Safara'u.

Na karanta wa baban nasa inda kika ce manya ma suna da lalurar, kuma tana bin dangi. Na tuna masa ranar da ya manta da ni a kasuwar Kwanar Dangora ya dawo gida a babur shi kaɗai. Ya yi dariya, amma ya gane inda na dosa. Ya yarda Ubale ba zai je bakin ruwa ba sai likita ya gan shi.

Kishin bai tafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ke kika san ƙofar, ni ban sani ba. Ki faɗa mini ranar da za ku koma asibitin, mu zo mu kwana gidanki mu tafi tare. Wataƙila likita ya ce na Ubale daban ne, zan karɓa.

Abu ɗaya nake roƙonki. In ya tambaya ko an taɓa samun mai irin wannan a danginmu, kada ki amsa. Ki bar ni in faɗi sunan Tasi'u da bakina, a gaban wanda ba zai ce yaron ba ya ji ba.

Ki shafa mini kan Ismail.

Yayarki,
Hasiya