Kawu Ya Je Asibiti da Katin Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin. Ranar ce aka ce in bayyana a ofishin kula da ma'aikata da ƙarfe tara.

Ni ma'aikaciya ce a wani kamfanin sabulu, ɓangaren naɗewa da jerawa a kwali. Farkon bana aka tara mu a ɗakin cin abinci, wani mutum cikin kwat ya yi mana bayanin inshorar lafiya kusan awa guda. Ba zan ɓoye miki ba, ni da ƙawata muna can baya muna duba hotunan takalma a waya. Abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne "ke da iyalinki." Aka ba ni kati biyar, nawa da na maigida da na yaranmu uku, aka haɗa da wani ɗan littafi. Littafin nan yanzu haka yana ƙarƙashin ƙafar teburin talabijin, don teburin yana rawa.

Maigidana mai aski ne, mutumin kirki, amma bakinsa ba ya riƙe magana. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin katin kafin a gama masa gyaran fuska. Cikin sati guda dangi kaf suka ji cewa gidanmu an daina biyan kuɗin asibiti.

Ƙarshen wata na ga an zabge wani abu daga albashina. Maigida ya rantse ba za mu bar musu ba, sai mun fanshe. Yaro ya yi atishawa sau biyu, sai asibiti. Shi ma ya je ya ce gwiwarsa na ƙara in ya tsuguna, likita ya ce to ya rage tsugunon. A wurin karɓar magani aka ce ya biya kashi goma cikin ɗari, ya tsaya yana musu har na bayansa a layi suka fara tsaki. Asibitin da ke bakin layinmu kuwa cewa suka yi ba su san katin ba sam.

To, ga babbar maganar. Akwai Kawu, wan mahaifiyar maigida, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya saya masa injin askinsa na farko. Ya haura saba'in. Haƙori ya sa shi gaba, kumatu ya kumbura. Ina wurin aiki maigida ya miƙa masa katinsa, ya koya masa abin da zai faɗa. A jikin katin akwai hoton maigida da sumarsa baƙa wuluk, Kawu kuwa sanƙo ne da gemu fari fat. Da ya je asibiti, nas ta tambaye shi shekarunsa, ya ce talatin da takwas. Ta sake kallonsa, ya ce wahalar duniya ce. Ta tambayi sunan matarsa, ya ce "Amarya," domin haka yake kirana tun da aka kawo ni, bai taɓa riƙe sunana ba. Ta ce ya lissafa 'ya'yansa, sai ya manta karatun, ya jero nasa guda tara, babban cikinsu ya girmi maigidana. Duk da haka sai da ya tambaya ko za a sa masa haƙorin zinare, tunda kyauta ne. Suka riƙe katin, suka kira kamfaninmu.

Yanzu Kawu ya yi fushi, wai mun tura shi an kunyata shi, kuma kumatun na nan yadda yake. Surukata na jiran gilashin idon da ɗanta ya yi mata alkawari. Maigida ya ce in je in ce katin ɓata ya yi, Kawu ya tsinta. Ni kuma tsoro nake ji, Anti. Autata tana da asma, katin nan ne ya sa na daina lissafin sau nawa za ta shaƙi maganinta. In aka kore ni ko aka soke mana katin, ina zan sa kaina? In faɗi ta maigida ko in faɗi gaskiya?

Ƙanwarki,
Mai Naɗe Sabulu

*

'Yar'uwa, sannu. Kafin komai, ki ɗaga teburin nan ki zaro littafin, ki sa masa kwali. Ki karanta shi kafin Litinin.

Ranar Litinin ki faɗi gaskiya. Wanda ya tsinci kati a hanya ba ya zuwa da shekarun mai katin a bakinsa, kuma nas ta riga ta rubuta abin da ta ji. Ba da kati ga wanda ba shi da suna a ciki laifi ne babba, ba zan rage miki shi ba, kuma ban san hukuncin da kamfaninku zai yanke ba. Amma ba a yi wa Kawu aikin ba, ba da saninki aka yi ba, kuma mai cewa "an yi kuskure a gidana, ga matakin da na ɗauka" ya fi samun sassauci a kan wanda aka kama da ƙarya ta biyu. In za su yarda, ki tafi da maigidan ya ba da haƙuri da bakinsa, tunda Allah ya hore masa shi.

Yanzu ga yadda abin yake. Kamfaninku ya saya wa ma'aikatansa inshora a dunƙule, shi ya sa ta fi sauƙi a kan ki saya ke kaɗai. Yawanci kamfani na biyan kaso, ma'aikaci na biyan kaso, naki shi ne abin da kike gani an cire. Ba ajiya ba ce da za a fanshe. Kuɗin na kowa ne, ana kashe shi kan wanda ciwo ya kama. Watan da kuke lafiya kin taimaki wani, watan da autarki ta kwanta wasu sun taimake ki. In kowa ya riƙa kai atishawa asibiti, baɗi kuɗin ƙaruwa zai yi, ku ne kuma za ku biya.

"Iyali" a wurinsu sunayen da aka rubuta ne kawai. Kashi goman da aka nema wurin magani ba cuta ba ce, wani tsarin haka yake. Akwai kuma jerin asibitocin da suka yi yarjejeniya da su, na bakin layinku da alama ba ya ciki. Ki tambayi ofishin abin da tsarinku bai ɗauka ba, musamman haƙori da gilashi, da iyakar abin da za a kashe muku a shekara, da ko ana iya ƙara iyaye lokacin sabuntawa, da nawa zai ƙaru. Ki sa su rubuta miki.

Maigidanki ya yi wauta, amma kada ki manta abin da ya kai shi. Mutumin da ya riƙe shi ne ke fama da ciwo, ya so ya nuna shi ma ya isa ya yi masa wani abu. Ki gaya masa hanyar ita ce aljihu. Kawu ya haifi tara, maigida ya kira su a haɗa kuɗi a kai tsohon nan wurin likitan haƙori cikin satin nan, da sunansa da shekarunsa na gaskiya. Kumburin haƙori ba abin jira ba ne. Surukarki kuma, ɗanta ne ya yi alkawarin gilashi, shi zai je ya warware, kada ki sa bakinki.

Katunan duka su koma jakarki, kada ko ɗaya ya fita sai da mai shi. Allah ya ba ki sa'a ranar Litinin, ya ba autarki da Kawu lafiya, ya kuma bar ku tare da maigida cikin rufin asiri.