Tsiro a Tsakar Ɗakin Amosi

Muko, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya Foibe, matar marigayi yayana Eriya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Yosiya da iyalinsa da duk mutanenmu da ke can Kagadi. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an shiga shukar wake.

Yaya, shekara tara ban rubuto miki ba, yau ɗin ma ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ni ɓarawo ne, kuma ke na yi wa sata.

Kin san layin mugorora, itacen iyakar da Baba ya dasa tsakanin gonata da ta Eriya. Daminar farko bayan mun binne Eriya, na sassare shi ƙasa-ƙasa, na binne kututturan, na dasa rassan a cikin gonarku. Haka na yi damina uku a jere, har na ci muku taki goma sha ɗaya. Da kika kai ƙara gaban dattawa na ɗaga hannu sama na rantse, aka ce baƙin cikin takaba ne ya rikita ki. Gonar ta kasa ciyar da ku, kuka bi motar masu ƙaura. Ni kuwa na ci gaba da shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin Ubangiji kowace Lahadi, ana ce mini dattijon coci.

Abin da ba ki sani ba shi ne, kututturan nan ba su mutu ba. Duk damina sai sun toho a kan tsohon layi, ni kuma in riga kowa zuwa gona da fartanya in kankare su. Da ɗana Amosi ya nemi wurin gina ɗakin aure, nan na nuna masa, don a danne su da daɓe in huta.

Ranar Litinin ya kira ni in ga aiki. Muna shiga sai ga tsiro kore shar a tsakar ɗakin, ya fasa daɓen ya fito. Amosi ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, dubi wannan marar kunya, ya riga amarya tarewa!" Ni kuwa na durƙusa na duba, ganyen mugorora ne.

Jiya na miƙe a taron zumunta na faɗi komai, ban rage ko taki ɗaya ba. Na ajiye dattijantakar coci. Zan sauke ɗakin in mayar da iyaka inda Baba ya sa ta. Inda Amosi zai sa amaryarsa ban sani ba, na bar wa Ubangiji.

Ki yafe mini don Yesu.

Ƙanin mijinki,
Zaburoni Tibenderana

Kagadi, 24 ga Maris

Zaburoni,

Na amsa gaisuwa, tunda ba a ƙin amsa ta. A gaida matarka Edisa, ita ba ta yi mini komai ba.

Da takardarka ta iso Yosiya ya ce in zauna kafin in buɗe, kada ya zama saƙon mutuwa ne. Da na karanta na ce masa ba wanda ya mutu, kura ce ta koyi rubutu.

Wai labari kake ba ni? Ni da na yi shekara talatin ina sunkuye a gonar nan, kana tsammanin ban san takinta ba? Goma sha ɗaya ka ce. To, wannan karon ba ka yi ƙarya ba, ni ma haka na ƙirga. Ranar da aka kawo ni gidanku majina ce har bakinka, ni na dinga cire maka ƙaya a ƙafa, ni na dinga ɓoye maka ƙanzon tuwo. Kai ne ka tsaya gaban dattawa ka mayar da ni mahaukaciya. Har yau ina tuna yadda ka ɗaga hannun nan.

Ƙasa za ka mayar. To, Kereni fa? Ba ka ambace ta ba, ko ka manta ina da auta? Mu mutanen tudu ba mu san sauro ba. Shekararmu ta biyu a nan zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu ta yi. Shekararta bakwai. Tana ta tambaya ta yaushe za mu koma gida, wai a gida akwai sanyi. Da gonar ubanta na nan yadda ya bar ta, da me zai kawo mu wannan kwari? Ka auna mini wannan da takinka in gani.

Ka riƙe ƙasarka, ka riƙe tubanka. Masu zumuntarku su rungume ka su yi ta waƙa, ai su ba a ci musu komai ba. Ni ban yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba. Ƙarya a gidan nan kai ka gaje ta.

Allah ya ba kowa lafiya.

Foibe Kemirembe

Muko, 5 ga Afrilu

Inna Foibe,

Barka da aiki, barka da ruwa. Ɗanki Amosi ne. Ina gaida ki da kyau, a gaida Yaya Yosiya. Baba bai san na rubuto ba.

Inna, ki taimake ni, tsohon nan zai kashe ni da raina. Shekara biyu na yi a daji ina tsaga katako kafin in haɗa kwanon rufin nan, kafaɗata har yau ba ta koma daidai ba. Saura wata ɗaya a ɗaura mana aure da Jenina, shi ne ya ce a sauke ɗaki. Na ce masa, "Baba, ai ta ce ka riƙe!" Ya ce wai fushi ne ya ce a riƙe, ba ke ba. Na ce shi ya yi zunubi, ni zan kwana a waje? Sai ya fashe da kuka ya ce gaskiyata, amma ko gezau.

Yanzu ko rafi na bi sai mata su hau guɗa, wai ga angon da zai tare a gindin ayaba. Mahaifin Jenina, dattijo Bakesigaki, ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa. Kin san shi, ko dariya sai ya auna yake yi. In ya fasa, na shiga uku.

Layi ɗaya nake roƙo. Ki rubuta wa fasto ki ce kin ba ni wurin kyauta tun ina yaro. Ba wanda zai ƙaryata ki. Kin san ban ci miki komai ba, Inna.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Amosi

Kagadi, 19 ga Afrilu

Ɗana Amosi,

Na ga saƙonka, na kuma ji tausayinka, Allah ya sani. Amma wannan layin ba zan rubuta shi ba. Ƙarya ce ta kore ni daga Muko, kai kuma so kake in shimfiɗa maka wata ka kwanta a kai da 'yar mutane. A'a.

Bari in gaya maka abin da ko Yosiya bai sani ba, tunda ka zama namiji. Ranar da za mu hau mota na karyo reshe ɗaya na mugorora na ƙulle a zane. Na dasa shi nan ƙofar ɗakina. Mutane suna cewa kewar gida ce. Ba ita ba ce. Kullum in na ba shi ruwa sai in kira sunan ubanka in ce Allah ya isa. Yanzu ya fi ni tsawo. Tun da Kereni ta rasu ban je gaban teburin Ubangiji ba, in an fara raba gurasa sai in ce ƙafata ke ciwo. Ka ga ashe ba ubanka kaɗai ke da abin kankarewa kowace safiya ba.

Tun da na aika masa da amsar nan abinci ya daina yi mini daɗi, kuma haushin hakan nake ji. Kuka a taron zumunta ba wuya, na ga masu yi da yawa. In ya sauke ɗakin da gaske a sanar da ni.

Ka gaida Jenina. In ta kirki ce za ta jira.

Innarka,
Foibe

Muko, 12 ga Mayu

Yaya Foibe,

Yabo ga Ubangiji! Ina gaida ki, ina gaida Yosiya da yara.

Maganar Kereni tukuna. Ban manta da ita ba, tsoron rubuta sunanta na ji. Ba ni da abin da zan auna ta da shi. Ni na tura ku can, wannan gaskiya ce, zan ɗauke ta har kabarina. Ba zan iya mayar miki da ita ba, Yesu da ya mutu dominmu ne kaɗai ke riƙe da ita. Ban sauke ɗakin don in sayi gafararki ba. Ko kin yafe ko ba ki yafe ba, gonar taki ce.

Ranar Asabar da hantsi na jingina tsani na hau rufi ni kaɗai. Amosi na zaune a kan dutse ya juya mini baya. Edisa ta tsaya a ƙasa tana cewa, "Tsoho, in ka faɗo ni ba zan iya ɗaukar ka ba!" Na cire kwano biyu ke nan sai ga dattijo Bakesigaki da sandarsa. Bai gaishe ni ba, ya wuce cikin ɗakin. Tsiron ya kai gwiwa yanzu, don na hana a taɓa shi. Ya daɗe a ciki har na ce a raina aure ya mutu, Ubangiji ka riƙe mini yaron nan.

Da ya fito ya ɗaga kai ya ce, "Zaburoni, naka taki nawa ne?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

Ya ce, "Kai, ka fi ni ƙarfin hali. Nawa huɗu ne, a gonar makaho Yeremiya." Sai ya jefar da sandar ya ce, "Miƙo kwanon, kana tsaye kamar hankaka a kan rumbu!"

Yaya, ban san wa ya kai labari ba. Kafin rana ta take, 'yan zumunta sun cika gangaren, maza da guduma, mata da tulunan bushera, kunun dawar nan tamu. Muka cire kwanon tas. Da aka zo kan katakon rufin, kafinta Sitefano ya ce ba sai an wargaza ba, a ɗauke shi ɗungurungum. Mutum talatin suka sa kafaɗa, kusurwa ɗaya ta rage tana jan ƙasa. Amosi kuwa na nan zaune a kan dutsensa. Jenina ta sauke tulunta ta nufi kusurwar, ta ce wa Amosi, "In kai ba ka so, ni ina son ɗakina." Wallahi bai bari ta kai ba. Ya tashi ya sa kafaɗar nan mai ciwo, aka ɗaga, aka ɓarke da waƙar yabo. Haka rufin ya hau tudu yana rangaji, tsofaffi na tsalle kamar 'yan maruƙa. Na yi kuka na yi dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mun kafa shi a gonar dankalina ta sama, wadda ta fi kowacce albarka. Bana za mu ɗaure ciki, kuma an ɗaga auren zuwa 18 ga Yuli don bango ya bushe. Amosi bai gama hucewa ba, amma jiya ya zauna mun ci daga akushi ɗaya.

Dattawa sun zo sun tone tsohon layin. Kututture goma sha tara, duk da ransu. Daga ranar zuwa yau gida shida sun mayar da iyakokinsu, har da Bakesigaki. Makaho Yeremiya ya bi sabon layinsa yana shafawa da hannu yana cewa ashe gonarsa ma ta san tsufa, ta ƙanƙance, yanzu kuma ta koma budurwa. Shekara goma sha biyu ban yi numfashi irin na kwanakin nan ba.

Gonarki na jiran ki. Tsiron na nan a fili, ruwa na dukan sa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke.

Ƙanin mijinki,
Zaburoni

Kagadi, 30 ga Mayu

Ƙanena Zaburoni,

Yabo ga Ubangiji. A gaida Edisa da ango da wannan yarinya mai baki, ta burge ni.

Na karanta takardarka sau uku, Yosiya ya ce mura ce ta kama ni, na ce e. Yau da safe na ɗauki adda na sare itacen ƙofar ɗakina, na tone saiwar da hannuna don kada ya sake toho kamar naka. Na zauna a wurin na gaya wa Yesu duk abin da na daɗe ina gaya wa itacen. Ciwon Kereni bai tafi ba, amma Allah ya isan ta tafi. Na yafe maka, Zaburoni. Ni ma ka yafe mini shekara tara da na yi ina maka baki.

Muna tafe da motar Laraba kafin biki. Na ɗaure rassan, za mu cike da su giɓin da ke layin Baba, kai ka haƙa ni in dasa, don har yanzu ban yarda da takinka ba.

Ran Lahadi kuma ka rage mini wuri kusa da kai a gaban teburin Ubangiji. Ƙafar ta warke.

Yayarka,
Foibe