Inda Ba Zai Ɓuya Ba

Laraba da dare, Gyadi-Gyadi

Gobe zan kare kundin digirina na biyu. Da Baba ya dawo daga garejinsa na Tarauni, ya tambaye ni me na gano.

Na ce masana na neman wani abu da ido ba ya gani, wanda nauyinsa ke riƙe taurari. Suna gwara ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ɓurɓushin da komai ya ginu da su, cikin wata ƙatuwar na'ura ko zai fito. Bai fito ba, amma da sakamakonsu na lissafa inda ba zai iya ɓuya ba.

Na ɗauka zai ce ɓata lokaci ne. Sai ya ce, "Ai haka muke gano ciwon mota, Hauwa. Wanda ya san ba batir ba ne, ya rage aiki."

Nan take fargabata ta tafi. Ya ce da safe shi zai kai ni da kansa.