Malam, Ɗalibanka Sun Iso Babin Log

Assalamu alaikum, Malam. Gaisuwa daga gida Bagudo, da fatan wannan za ta same ka a duk inda kake. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko wani ya karanta maka.

Ina fushi da kai, ka sani. Na ce ruwa ya cika, ka bi hanyar mota zuwa ƙasar Benin ka duba gwaggonka. Ka yi dariya, ka ce jirgin ruwan da ke tashi daga Dole Kaina ya fi sauri. Tun ranar ban ji muryarka ba.

Makaranta ta ɗora mini ajinka na lissafi, ni da adabi nake koyarwa. Mun iso babin log. Na rubuta musu tambayar nan da kake so: log x a tara da log (x − 3), jimla ɗaya. Muka haɗe su, muka warware, amsa biyu ta fito: biyar da mainos biyu. Zan goge allo sai ajin ya ɗauka baki ɗaya da maganarka: “Kada ka yarda da amsa sai ka mayar da ita cikin tambaya.” Muka mayar. Biyar ta zauna daram. Mainos biyu ta faɗi, don abin da ke ƙasa da sifili ba ya shiga log.

Malam, ni ma amsa biyu aka kawo mini a kanka.

Wani direba ya ce ya hango mai kama da kai a kasuwa can ƙetare, wataƙila wayarka ce ta faɗa ruwa. Na mayar da wannan cikin tambaya. Kai da ke riƙe da lambata a ka, ka rasa wanda zai ara maka waya? Na juya ta ta kowane gefe don ta zauna, ta ƙi.

Ta biyu ƙanenka ya kawo. Wani jirgi ya kife a makon da ka tafi, kuma masunta sun shanya abin da suka tsamo a bakin kogi don dangi su zo su duba. Ya ce akwai hula. Bai iya ganewa ba, ni ce na ɗinka taka.

Ban je ba. Ni da ba na tsoron kowa a garin nan, hula ta hana ni fita. Na kama kaina ina roƙon ta zama ta mijin wata, na yi istigfari.

Gobe zan je, don ba ka koya mini barin amsa ba a duba ba.

Ya Allah, Kai ka san inda bawan nan naka yake. In yana kan tudu, ka juyo mini da shi in ƙarasa faɗan nan a gabansa. In ba haka ba, ka riƙe mini ƙafafuna a bakin ruwan nan.

Matarka, wadda har yanzu take zuba tuwon mutum biyu.