A Bar Tumakina a Dutsen Raven

Hilda Fearon,
Gonar Thrang End,
Kwarin Ullendale, Cumbria.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ofishin Tallafin Manoman Tsaunuka,
Shiyyar Arewa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA TALLAFINA BISA LAIFIN KIWO A WURIN DA AKA HANA

Bayan gaisuwa ta ladabi, ni ce mai suna a sama, matar marigayi Edwin Fearon, mai kiwon tumaki a Dutsen Raven. Na rubuto a baya ban ji komai ba. Ga shi ina sake rubutowa, ko da yake, gaskiya, na gaji.

1. Dutsen Raven makiyaya ce ta haɗaka, ba shinge ba katanga. Kowane garke ya san ɓangarensa, domin 'yar tunkiya da uwarta take hawa, uwar ta nuna mata mashaya da inda ake fakewa in ƙanƙara ta sauko, ita ma ta nuna wa tata. Abin da ke tsare garke a wurinsa kuwa shi ne garken maƙwabci. In suka matsa, a ture su su koma.

2. Ranar 1 ga Afrilu, maƙwabcina Joss Relph ya shiga sabon shirinku na sauke tumaki daga dutsen har shekara biyar domin itatuwa su tsiro. Ban ga laifinsa ba. Gwiwoyinsa sun lalace, 'ya'yansa duk suna birni. Har ya tsaya a jikin katangar gidana yana ce mini, "Ke tsohuwa, sa hannu ki huta mana, dutsen nan ba zai zo jana'izarki ba." Na ce masa ai shi ma ban sa rai da zuwansa ba. Muka yi dariya, amma ranar da mota ta kwashe garkensa ƙin fitowa ya yi daga ɗaki.

3. Da ɓangaren Joss ya zama kango, tumakina suka ga ciyawa ba mai ita, suka bazu ciki. Ranar 17 ga Yuli jami'inku, Mista Colin Hartnell, ya same su can da jan fentina a kafaɗa. Abin da ya gani gaskiya ne, ban musa ba. Mutum ne mai kirki, ya zauna ya sha shayi, ya ce ba yadda zai yi, sai dai in yi shinge. To dokar makiyayar haɗaka ta hana shinge. Kullum ni da kare muna hawa mu koro su, kafin in sauko in cire takalmi sun koma. Shekaruna sittin da tara, yallaɓai. Ranar 5 ga Agusta aka dakatar da tallafina.

4. An ba ni shawara ni ma in shiga shirin. Ina roƙon a duba da kyau: tunkiya ba ta wuce shekara biyar tana hawan dutse. Kafin wa'adin ya cika, babu sauran uwa ko ɗaya da ta san Raven. Wa zai nuna wa sababbin? Wannan sani ba a sayo shi a kasuwa, kuma garken nan ya girmi gidan da nake ciki.

5. Idan babu tallafi, ba ni da halin sayen harawar hunturu. Dole in kai tumakin kasuwar kaka ranar 12 ga Oktoba.

Don haka ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a janye dakatarwar, a kuma ba ni izinin kafa shinge na wucin gadi a iyakata da Joss, ko a bar shi ya mai da ko kaɗan daga garkensa. Ina roƙon amsa kafin ranar kasuwa.

Abu na ƙarshe, don kada a ce ban faɗa ba. Manoman da ke ƙasa a kwari sun daina sayen tumakin Raven, saboda haure katanga suke yi su kamo hanyar gida, ko ruwa ake yi ko iska. Na tambaya ko'ina. Mutum ɗaya ne ya ce zai ɗauke su duka, shi ne mai mayanka, don daga wurinsa ne kaɗai ba sa dawowa.

Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in na tsawaita.

Taku cikin biyayya,

Hilda Fearon