Kabad Ɗina a Toranke

Laraba, 5 ga Maris, 1975

Kabad ɗina ba ya ɗakina. Na dawo daga Kano da la'asar na tarar da littattafaina jibge a kan tabarma, ga shatin ƙafafunsa a daɓe. Uwargidana Hanne ta ce yana Toranke, a ɗakin da za a kai autarmu Kubura jibi. Kabo kafinta bai gama wanda aka sa shi ba, tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa sai ya yi kabad. Dangin ango kuma za su shigo ganin jere, ba za ta bari su tarar da kwanukan 'yarta a ƙasa ba. Aro ne, in ji ta.

Na ce ni ba a tambaye ni ba. Ta ce da an tambaye ni da na hana. Wannan gaskiya ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Katakon maɗaci ne, ƙofofin gilashi biyu, makullin tagulla. A gwanjo na saye shi a Zariya, a kayan wani Bature da zai koma gida bayan samun mulkin kai, lokacin ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Ko a lokacin tsoho ne. Tsayin hawa na ƙasa daidai da ɗaurarrun jaridu, ba a lanƙwasa su. Yau samira da langa ne a wurin.

Juma'a, 7 ga Maris

An ɗaura aure, an kai amarya. Hadi yaron kirki ne, yana koyarwa a Ajingi, kuma su suka zaɓi juna. Matan da suka raka ta sun dawo ba su da zance sai na kabad. Wai har daga Gafasa ake zuwa kallo.

Asabar, 22 ga Maris

Gara. Ta huda tabarma ta shiga jaridun shekarar sittin da shida daga ƙasa, ta cinye watan Janairu kusan duka. Na nuna wa Hanne. Ta ce ayya, ta kawo toka ta barbaɗa. Na tambaye ta yaushe aron zai ƙare, ta ce in yi haƙuri, ba a gaggawa da kayan ɗakin amarya. Ban gane abin da gaggawa take nufi a nan ba. Abin da aka ara mayarwa ake yi.

Talata, 1 ga Afrilu

Na je wurin Kabo. Ya haɗa, saura fenti. Katako marar kauri, madubi a kowace kusurwa, ya zana furanni a goshi. Ya ce shi ake yayi. Ban yi masa gardama ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na sake samun gara, a ƙamus wannan karon. Na yi magana da Maiwada mai keken shanu: gobe ya je Toranke ya ɗauko mini nawa, in fentin Kabo ya bushe sai ya kai sabon. Ban gaya wa Hanne ba. Ita ma ba ta gaya mini ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Kabad ya dawo bayan la'asar, ko ƙwarzane babu. Kubura na zaune a bayan keken, ta rufe fuska da gyale.

Abin da na tattara daga bakin Maiwada: ya isa ana shirin tafiya masallaci, unguwa cike. Hadi yana Ajingi. Kubura ta ji saƙona ne, ba ta yi musu ba, ta sauke kwanukanta a kan tabarma. Da aka fito da kabad ta zaure sai mata suka fara leƙowa ta kan danga. Hajo, mahaifiyar Hadi, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta, ta fito ta tsaya. Ta ce tunda an fara kwashe kaya, a haɗa da mai kayan, kada a wahalar da shanu sau biyu.

Hanne ta dube ni ta ce, "Malam, ka taɓa ganin an fitar da kabad daga ɗakin mace da rana tsaka ba saki ba, ba mutuwa ba?"

Na ce katako ne. Ta shiga ɗaki.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na mayar da littattafai. Warin sabulu da turaren wuta a ciki.

Litinin, 7 ga Afrilu

A kasuwa wani da ban ma san sunansa ba ya yi mini jaje, ya ce aure rai gare shi. Wani ya ce ya ji wai Hadi duka yake yi. Wani ya ce a'a, ni ne na raina gidan saboda manoma ne. Ba wanda ya tambayi Hadi, ba wanda ya tambaye ni. A inda na yi aiki, wanda ya kawo labari haka korarsa ake yi. A nan gari guda ya yanke hukuncin aure da ganin keken shanu.

Hadi bai zo biko ba. Ya aiko cewa shi bai saki matarsa ba, ba kuma zai saka ba, amma ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Hanne tana aiko mini da tuwo, ba ta kawowa da kanta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je Toranke. Aka shimfiɗa mini buzu a zaure, Hajo ta tsaya ta bayan asabari. Gaisuwa mai tsawo, har ta tambayi lafiyar littattafai. Na yi bayani dalla-dalla: aro, gara, fenti. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce ita ta yarda, amma ba ita kaɗai ta gani ba. Da ta je suna a Balan an tambaye ta me ɗanta ya yi wa 'yar mutane tun lallen aure bai goge ba.

Na ce sabon kabad ya bushe, gobe ma sai a kawo.

"Malam, kai ne mai karatu, ni ban yi ba," in ji ta. "Amma in aka kawo wani, cewa za a yi an ƙwace mai kyau an ba mu na talakawa. Wanda ya fita ta ƙofar nan shi zai shigo ta ƙofar nan, da rana, mutane na gani. Ka ga ai ba tsada."

Ba tsada! Na dawo ban tsaya ko'ina ba. Matar nan ba ta san bambancin maɗaci da katakon akwatin sabulu ba, kuma ba a kansa take magana ba, na sani.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Hadi na da haƙƙin ya ɗauki matarsa ko da ɗakin ba ko tabarma. Na duba, haka yake a littafi. Na karanta wa Hanne ta ƙofar ɗakinta. Ta ce in je in karanta wa matan Toranke.

Talata, 15 ga Afrilu

Na shigo na tarar da Kubura tana goge gilashin da tsumma, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Ta rame. Shi ya fi damuna. Na tambaye ta me ya sa ba ta ce wa Maiwada ya jira mijinta ba.

"Baba, cewa ya yi kai ka aiko."

Na tambaye ta ko tana son komawa. Ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge. Can ta ce ta bar kajinta ba ta san wa ke ba su ruwa ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na sa an kawo na Kabo ɗakina, don in gwada kawai. Jaridu ba sa tsayuwa, sai a kwance. Duk inda na juya ina ganin fuskata a madubi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Har yanzu ina ganin abin rashin hankali ne, kuma haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Kabad ɗina zai koma Toranke. Na naɗe gilasan da tsohon bargona saboda hanyar ba kyau. Na ce wa Maiwada kada ya yi sammako, ya bari rana ta ɗaga, ya bi ta tsakiyar gari. Makullin na ba Kubura.

Hanne ta kawo tuwo da kanta.

Maiwada ya dawo da magariba. Ya ce Hajo ce da kanta ta riƙe ƙofar gilashin don kada ta bugi bango. Ya ce Hadi ya ce zai zo biko gobe bayan masallaci, tare da kawunsa. Daga bakin Maiwada kaɗai na ji wannan.