Takardar da Na Dangwala wa Yatsa

Zuwa ga ƙanena Bulus, wanda ya riga ni zuwa wurin Ubangiji. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa. Ni dai ban huta ba. 'Yata Ladi ce ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Shekara shida ke nan ina jiran amsa daga bakinka, ka tafi ba ka ba ni ba.

Ka san dokar kurminmu na bayan Madakiya: ƙarfe ba ya shiga. Mai gatari, mai adda, kowa ya ajiye a kan dutsen bakin hanya. Mata su karya busasshen itace da hannu, shi ke nan. Baba yakan ce ranar da aka sare na tsaye, idon ruwa zai tafi. Da ya rasu, dokar ta dawo hannuna.

Sai malaman daji suka zo da takarda. Kai aka kai makaranta, ni aka bar wa fartanya. Ka karanta, ka ce gwamnati za ta mai da kurmin gandun daji, ta tsare shi fiye da mu. Kai ka kama babban yatsana ka danna a tawada.

Da farko suka sauke mini amya duka, wai hayaƙin cire zuma zai ƙona daji. Suka hana Ardo shayar da shanunsa a rafi. Na haƙura, na ce tsaro ne.

Bayan mun binne ka, masu injin yankan katako suka zo da tasu takarda mai hatimi. Na hau dutsen na ce su ajiye ƙarfe. Ɗaya ya ce, "Baba, ba kai ka sa hannu ba?" Suka wuce ta gefena.

Babban itacen madacin nan na cikin kurmin, a tashar jirgin Kafanchan na ƙara ganinsa, an tsattsaga. Idon ruwa ya ƙafe. Saratu matarka, da ciwon gwiwarta, har rijiyar mishan take zuwa da tulu. A coci babu mai zama benci ɗaya da ni. Wanda ya sayar da kurmi, haka ake kirana.

Na yi ta zuwa ofishin malaman daji har takalmina ya tsinke. Kullum oga ya fita.

Bulus, ni na goya ka muka haye rafin nan lokacin ruwa na kai ƙugu. Zuciyata ta ƙi yarda ka cuce ni. Wataƙila kai ma Turancin ya fi ƙarfinka, ka ji kunyar faɗa a gaban baƙi. Da ka raɗa mini a kunne, ɗan uwana, da na janye hannuna.

Allah ya gafarta mana, ni da kai. Amin.

Tunda kai ba za ka iya ba, cikin masu karanta wannan wasiƙa wani ya fito da takardar nan ta malaman daji, ya karanta mini da Hausa a gaban jama'a, kalma kalma. Kafin a kwantar da ni kusa da kai, a gaya mini: me na dangwala wa yatsa?

Yayanka,
Yakubu